Akurki Daga Haƙarƙarin Jirgi

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu 'yan haya.
A cikinsa muka jawo jirgina bayan ɗaki,
ni da bijimai biyu na maƙwabcina Baldomero.
Shekara talatin da ɗaya yana ɗauke da ni,
ran nan ni na ɗauke shi.

Herminia ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu:
"Eulogio, tun da gwiwa ta raba ka da teku,
kada ka zame mini kujera ta biyar a gidan nan.
Kaji nake so. Shida. Da zakara in ya samu."

Na ɗauki zarto kamar mai shirin fiɗa.
Katakon farko da na ɓamɓare ya yi ƙara,
na ce masa yi haƙuri, ba murhu zan kai ka ba.
Tsatsa ta cinye kawunan ƙusoshi,
gishiri ya ratsa itacen har ɓargo,
duk inda na taɓa sai ƙarnin kifin bara
da na bara waccan.

Haƙarƙarinsa na kifa, ya zama rufi.
Na ba shi ƙafafu huɗu dogaye,
don ƙasar nan ba ta bushewa sai a labari.
Tsohon taruna na ɗaura sama saboda shaho.
Filafilin da ya cinye mini tafin hannu
na gicciya a ciki, ya zama wurin kwana.

Ƙofa ce ta ba ni kunya.
Sau uku ina rataya ta, sau uku tana karkacewa,
jikata Ninoska riƙe da gwangwanin ƙusa
tana dariya har ƙusoshin na kaɗawa.

Kajin sun iso ran Lahadi cikin buhun dankali
daga hannun wata tsohuwa a Dalcahue,
guntaye, babu wutsiya, gashi tsaye a gefen kunne.
Suka fito suka dubi aikin mako uku
da ido ɗaya, sannan da ɗayan.
Ba wadda ta ce sannu.
Suka ci alkama, suka goge baki a ƙasa.

Dare na tara muzurun daji ya zo.
Kunnen da ke jin juyin iska cikin barci
bai ji komai ba.
Da safe, jan gashi warwatse kan ciyawa,
da kafa a kusurwa, faɗin yatsu huɗu,
daidai inda na ce gobe zan toshe.
A teku ban taɓa ce wa ɓaraka gobe ba.
Herminia ba ta ce uffan ba,
guduma kawai ta miƙo mini,
na gwammace da zagina ta yi.

Na toshe da zare da kwalta yadda ake wa jirgi,
na bi kowace tsaga da fitila, a kan gwiwar da ta ƙi ni.
Saura biyar,
da zakaran da bai gama koyon cara ba,
muryarsa sak ƙofar da na rataya.

Wata safiya Ninoska ta faɗo ɗaki a guje,
hannu biyu a dunƙule kamar ta kamo tsuntsu.
Ƙwai ne, ɗumi bai bar shi ba,
shuɗi-shuɗi, launin mashigin ruwa in iska ta kwanta.
Herminia ta ce a soya.
Na ce a ba ni shi tukuna.
Na daɗe ina juya shi a hannu
har mai ya ƙone a kasko.

Yanzu da faɗuwar rana in na je rufe su
nakan ɗan tsaya, ruwa na dukan katako,
su biyar jere kan filafili suna gyangyaɗi.
In iskar kudu ta bugi akurkin ya girgiza,
sai su gyara tsayuwa, ido a rufe,
kamar waɗanda suka saba da taguwa.
Na ƙirga su sau biyu, na sa sakata,
na shafa kusurwar nan da yatsa.
Herminia na kira daga ciki, wai miya na hucewa.